Gadar da Wakili Ya Hana

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, a wata unguwa da ke bayan rafi. Wakili ake ce masa. Ba wanda ya zaɓe shi. Shi dai yana da riga mai guga, ya kuma iya zaman jira a ofis ba ya gajiya, sai aka wayi gari shi ne bakin unguwa a wurin hukuma.

Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne jawabin godiya. Duk jami'in da ya leƙo unguwar, a kafa rumfa a jera kujeru, Wakili a ta gaba. In an gama sai ya miƙe, ya gyara murya, ya gode. Ya gode da alkawari. Shekara ta zagayo, ya gode da sabunta alkawarin. An taɓa yin ranar da ya gode wa wani babba don ya sauke gilashin mota ya dubi rafin.

Rafin nan kuwa shi ne ciwon unguwar. Makaranta da asibiti da kasuwa duk a tsallake suke. Da rani a taka yashi a wuce. Da damina sai katakon da aka gicciye, yara su bi ta kai da takalma a hannu. Wakili ya tsufa yana kai kukan gada ofishin Shugaban hukumar garin, kullum ya dawo da amsa ɗaya: an ce a ƙara haƙuri. Mutane su ce sannu da ƙoƙari. Haƙurin bai dame shi ba. Muddin babu gada, ai ana bukatar mai zuwa neman gada.

Ana nan sai 'yar ƙanwarsa, malamar firamare, ta gano cewa zaman majalisar gari a buɗe yake ga kowa. Har benci aka tanada wa jama'a a bayan zauren, amma da yake ba mai zuwa, tsofaffin fankoki da karyayyun kujeru aka jibge a kai. Ta tara masu gyaran waya da masu babur da teloli da matan kasuwa. Suka sauke tarkacen suka zauna. Ba ihu, ba zagi. Kowane zama ɗaya daga cikinsu ya ɗaga hannu ya yi tambaya ɗaya: yaushe za a yi gadar? Saura su ɗauka a waya su watsa.

Ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, “Kawu, ka zo mu riƙa zuwa tare mana. Kai ka san su.”

Ya ce, “Ke yaushe aka haife ki? Gwamnati ba a yi mata taron dangi. Ku je ku zauna, benci zai koya muku hankali.”

Bencin bai koya musu hankali ba. Shugaba bencin ya koya wa. Kafin damina ta faɗi, sai ga motar haƙa ta iso bakin rafi, ga rodi, ga siminti.

Ya 'yan uwa, kun san ciwon da likita ba ya gani? Shi ya kama Wakili. Ya je aski, mai aski ya ce, “Wakili, 'yarka ta yi abin da ya gagari manya!” Ya yi murmushi, na haƙori kawai. Ya dawo gida ya tarar ba kowa a ƙofa, masu kawo kuka sun koma gidan ƙanwarsa. Aka kawo abinci ya ture.

Matarsa ta ce, “Haba Malam, ai abin naka ne. Jininka ce.”

Ya ce, “Jinin nawa ne ya kwashe min baƙi?”

Ranar aza harsashi ya zauna a kujerarsa ta gaba, jawabi ya nuna a bakinsa. Sai Shugaba ya waiga ya ce, “Ina malamar nan da ta hana ni sakat?” Aka miƙa mata lasifika. Ta ce, “Ranka ya daɗe, ranar da muka taka gadar za mu gode.” Wuri ya ɗauki tafi, har Shugaba ya taya, don ana ɗauka a waya. Aka tashi ba wanda ya tuna da Wakili.

Da gari ya waye ya sa rigarsa ya nufi ofis. Ya jira aka sallami kowa, ya ja kujera kusa da Shugaba, ya rage murya.

“Ranka ya daɗe, ni naka ne, shi ya sa. Yaran nan 'yan adawa ke tura su. Ka gama gadar nan, su za a ce sun yi. Mu dattawa ba ma tare da su. A gyara mana katako ma ya ishe mu.”

Shugaba dama neman dalili yake, sai ga dalili ya zo da ƙafarsa, har da sallama. Motar haƙa ta tattara ta tafi.

Kada ku ce Wakili ba ya son gadar. Yana so. Shirinsa shi ne aiki ya tsaya, mutane su rasa mafita su dawo ƙofarsa, ya je ya yi roƙo cikin ladabi a dawo da shi. Gada dai ita ce, amma ta hannunsa. Abin da bai lissafa ba shi ne ruwa ba ya jiran shirin kowa. An bar rami mai zurfi a tsakiyar rafin, katakon kuma an matsar da shi gefe an ɗora a kan ƙasar da aka tono. Wata rana da azahar aka yi ruwa mai ƙarfi, daidai lokacin tashi daga makaranta. Ƙasa ta zame. 'Yar wani tela ta faɗa ramin, ba a fito da ita da rai ba.

Wakili ya je gaisuwa. A sahun gaba ya zauna.

Zaman majalisa na gaba unguwa duka ta tafi, benci bai isa ba, har bakin taga mutane. Wakili ma ya je, yana ganin ranarsa ta zo, yau zai shiga tsakani. Ya wuce kai tsaye ya zauna a gaba, inda kowa zai gan shi.

Telan ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ranka ya daɗe, wa ya ce a tsayar da aikin?”

Shugaba ya dubi ƙofa, a cike. Ya dubi jama'a, wayoyi a sama. Ya ce, “Ni shawarar dattawanku na bi. Ku kuka ce katako ya ishe ku. Ga wakilinku nan zaune, ku tambaye shi.”

Malamar ta dube shi ta ce, “Kawu?” Mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa a taro ba, ranar bakinsa ya mutu.

Ba wanda ya taɓa shi. Da ma dukansa aka yi, da ya fi masa sauƙi. In ya yi sallama a amsa, don wajibi ne, a kau da kai. Ƙanwarsa ta ɗauke ƙafa. 'Ya'yansa suka daina fita tare da shi. Aiki ya dawo, matasa suka tsaya a kai har aka gama.

Da abin ya ishe shi, ya ce bari ya koma wurin waɗanda ya yi wa biyayya. Ya isa ƙofar ofis, mai gadin da ya saba miƙe masa bai ko motsa ba. Ya ce, “Baba, an ce duk wanda ya zo a tambaye shi: wa kake wakilta?”

Ya tsaya ya duba bayansa. Ba kowa. Ya juya. Bai daɗe ba ya kwashe iyalinsa ya bar unguwar, ya koma inda ba mai tambayarsa ko ƙarfe nawa.

Ya 'yan uwa, me ya kashe Wakili a tsaye? Ba talauci ba, ba maƙiyi ba. Alheri ya zo ta hannun ƙaramarsa, zuciyarsa ta ƙi. Ya ɗauka girmansa ake gani a ofis, alhali mutanen da ke bayansa ake dubawa. Ya sayar da su don ya riƙe kujera, ya manta su ne ƙafafun kujerar.

Ku matasa, ku ci gaba da zama a bencin nan, ana jin ku fiye da yadda ake nuna muku. Mu kuma masu furfura, kowa ya tambayi kansa: gadar nake so, ko a ce ni na kawo ta? Duk wanda ya ji amsar ta yi masa nauyi, ya gaggauta tuba tun ba a nuna shi da yatsa ba, nan ko gobe kiyama.

Allah ya wanke zukatanmu daga hassada. Allah ya ji ƙan yarinyar nan, ya ba iyayenta haƙuri. Allah ya kiyaye mu, amin.