Gurbin Bakin Taga

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ba a rubuta sunan ɗan kurkuku, sai dai a riƙe fuskarsa. Sunansa Nomau, aikinsa dakon itace da jaki. Ku saurara, labarin ba shi da tsawo.

Wata rana jakin ya shiga gonar wani mai hali ya yi ɓarna. Aka kai Nomau gidan yari, aka ce ya jira shari'a. Mai gona ya ƙaura. Jaki ya mutu. Nomau yana nan yana jira.

Ɗakin da aka sa shi don mutane kaɗan aka gina, amma kullum turo wasu ake yi. Ba mai kwanciya rigingine. Kowa a gefe guda, ƙirjin wannan a bayan wancan. In hannu ya sage sai shugaban 'yan ɗakin ya ce a juya, a juya gaba ɗaya kamar masa a tanda. Taga ɗaya ce, ƙarama. A ɗaya ƙarshen kuma bokitin bahaya. Dokar ɗakin ita ce sabon zuwa gindin bokiti yake farawa. In wani ya fita, da ƙafarsa ko a makara, sai kowa ya matsa gaba. Wanda ya fi daɗewa shi ke bakin taga. Ku riƙe wannan.

Akwai wani gandiroba, Jatau, mai son sanin dalilin komai. A idonsa Nomau ya yi ta matsawa, shekara na bin shekara, har ya isa taga cikin wata bazara mai zafi. Bai daɗe a wurin ba, Jatau ya buɗe ƙofa da safe ya tarar da shi gindin bokiti. A taga kuwa wani ramamme ne, Ɗan'asabe, wanda aka kawo jiya.

"Tsoho, caca ka yi da gurbinka?"

"A'a, yallaɓai."

"To da tuwo nawa ka sayar?"

"Ƙirjinsa ne ke kuka kamar sarewa. Ni kuwa hancina ya riga ni mutuwa, ba ya jin wari."

Ɗaki ya yi dariya. Jatau bai yi ba. A saninsa ba a kyauta a kurkuku. Ya shiga sa ido lokacin rabon abinci, ko zai ga loma ta tsallaka daga kwanon Ɗan'asabe zuwa na Nomau. Bai gani ba. Abin ya tsaya masa a rai.

Ana nan hatsi ya yi tsada. Tuwo ya ƙanƙance, miya ta koma ruwa. Hukuma ta ce ciyar da wannan taro ya fi ƙarfin baitulmali, a rage su. Aka yanke adadin da za a saki, in an sa wani sai an cire wani. Wakilin alƙali ya zo da hantsi, ya tsaya bakin ƙofa, hannun riga a hanci.

"Su wa suka fi daɗewa?"

Babban yari ya ce, "Ranka ya daɗe, a gidan nan na bakin taga ne."

"To na bakin taga su fito."

Ɗan'asabe ya miƙe yana haki, ya waiga ƙarshen ɗaki, ya buɗe baki. Nomau ya girgiza masa kai. Jatau ya gani, ya matso kusa da wakili.

"Ranka ya daɗe, akwai wani tsoho..."

"Yallaɓai Jatau," in ji Nomau, "bokiti ya cika. A ba ni hanya."

Ya ɗauko shi ya nufo ƙofa. Wakili ya ja da baya, ya ce a sallami waɗanda suka fito, ya yi gaba da sauri.

Jatau ya bi Nomau har ramin da ake zubarwa.

"Kalma ɗaya, tsoho, da yanzu kana hanyar gida."

"Shi kuma ya koma ciki. Ba zai ga damina a ɗakin nan ba. Ni zan gani, in Allah ya so."

"Kai ba ka son gida?"

Nomau ya daɗe yana ɗauraye bokitin. "Kullum," ya ce.

Wasu sun ce an sake shi bayan kaka. Wasu sun ce a can ya cika. Ni ban sani ba, kuma ba zan ƙaga muku ba.

Abin da na sani shi ne wannan, jama'a. Alheri na gaskiya shi ne wanda mutum ya riƙe bayan ya ga abin da zai ci masa. Ba da taga abu ne mai sauƙi ranar da iska kawai ce. Nomau ya bar ta ranar da ta zama ƙofa. Har yau ɗakunan nan cike suke da waɗanda aka ce su jira, aka manta da su. Wa kuka taɓa zuwa dubawa? Kowa a nan yana da tagarsa: inuwa a kasuwa, gaban layi a asibiti, kujera a mota. Gobe in kun isa taku, ku waiga. Akwai mai haki a bayanku.