Ranar Da Bibata Ta Fita Fada

Akwai wata mata a garin Gaya mai suna Bibata, wadda duk unguwarsu aka san ta da iya miya da kuma rashin tsoro. Mijinta Sumana shi ne shugaban masu lodi a tashar kamiyo, wato manyan motocin kaya, ƙaton mutum ne, ya ba hamsin baya amma har lokacin bai yarda wani yaro ya riga shi ɗaga buhu ba.

A unguwar tasu maza ba sa cin tuwon dare a cikin gida. Da an idar da sallar magariba sai a fito wa kowane magidanci da kwanonsa zuwa fada, wato tabarmar da ake shimfiɗawa a ƙofar gidan Baba Siddo, dattijon unguwar. A jera kwanoni, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu a na kowa.

Mata ba sa zuwa wurin, amma kada ku ɗauka ba su san abin da ake ciki ba. Wadda kwanonta ya dawo a suɗe, ranar har tafiyarta sai ta canza. Wadda nata ya dawo da saura kuwa, yaran gidan ne za su sha faɗan. Shekara da shekaru kwanon Bibata bai taɓa dawowa da ko loma ɗaya ba.

Ana nan sai Sumana ya fara fama da ciwon kai da jiri. Da ƙyar da naci Bibata ta ja shi asibiti. Likita ya auna shi, ya sake aunawa, sannan ya ce tansiyonsa ya hau ƙwarai, wato hawan jini. Ya rubuta masa maganin da zai riƙa sha kullum, ya ce a rage gishiri da dunƙulen ɗanɗanon miya da soye-soye. Ya kuma ja kunnen Bibata cewa duk ranar da ta ga bakinsa ya karkace, ko hannu ya yi masa nauyi, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya jiran komai, a kawo shi nan take.

Tun a hanya Sumana ya kafa mata doka. Ya ce kada kowa ya ji wannan magana, domin in masu kamiyo suka ji ba shi da lafiya, wani yaro za su ɗora a kan kujerarsa. Bibata ta saurare shi. Ba ta ce to ba, ba ta kuma ce a'a ba.

Daga ranar ta sake hannu a tukunya. Ta rage gishiri har sai an lalubo shi, ta daina sa dunƙule, ta koma ga daudawa da busasshen kifi da tafarnuwa da citta. Miyar ta yi ƙamshi, wannan ba gardama, sai dai harshen da ya saba da gishiri ba ya jin kira a kwana biyu. Kwanon Bibata ya fara dawowa da rabi, daga baya ma sai dai a ɗan taɓa gefensa a mayar da murfi.

Kun dai san mata da ɗaukar labari. Wata ta ce tsufa ne ya fara kama hannunta, wata ta ce rowa ce. Maƙwabciyarta Zeinabu, wadda ta daɗe tana jiran irin wannan rana, ta shigo har tsakar gida da dunƙule cike da tafin hannu, wai ko gidan ne ya yi ƙunci a taimaka. Bibata ta naɗe mata yatsunta a kan kayanta, ta ce ta gode, ta raka ta har zaure. Abin ya yi mata zafi sosai, domin ba ta da wani abin alfahari da ya wuce girkinta, amma ta haɗiye.

Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne warin soyayyen kifi da take ji a hannun Sumana in ya shigo. Ashe duk wahalar banza take yi. Kwanonta yake turewa gefe, ya zauna ya kwashi na mutane, mai ya sha mai, gishiri ya sha gishiri, da safe kuma ya tashi riƙe da kai.

Ta same shi da maganar cikin ladabi. Ya ce namiji ba ya zama a fada ya ƙi kwanon ɗan'uwansa ba tare da dalili ba, shi kuma ba zai faɗi dalili ba ko sama da ƙasa za su haɗu.

"To ni zan faɗa musu, Baban Nuriya," in ji ta, don da sunan 'yarsu take kiransa.

Ya yi dariya, don a tarihin unguwar ba a taɓa jin mace ta taka tabarmar fada ba.

Washegari da magariba, an jera kwanoni, an wanke hannu, sai ga Bibata da mayafinta, ɗauke da kwanon da kanta. Ta yi sallama, ta durƙusa ta gaida Baba Siddo, ta ajiye kwanon a gaban mijinta.

"Baba, ku gafarce ni, na san nan ba wurina ba ne. Miyata ba lalacewa ta yi ba, ni na cire mata gishiri. Maigidana yana da tansiyo, likita ya hana shi irin abincin nan. Duk wanda ya sake tura masa kwanonsa daga yau, ya san abin da yake ba shi."

Sumana ya miƙe, ya shige gida, ita kuma ta bi bayansa.

A tsakar gida ya juyo cikin fushi.

"Kin tuɓe ni a gaban mutane, Bibata."

"Gara ni in tuɓe ka kana tsaye da ƙafarka, da masu wankan gawa su tuɓe ka ina kallo."

Ya ce ta tafi gidan iyayenta a garin Bengu sai ya neme ta. Ba ta roƙe shi ba, ba ta yi kuka a gabansa ba. Da safe ta ɗaure kayanta, amma kafin ta hau mota sai da ta biya gidan Baba Siddo, ta zayyana masa alamomin nan da likita ya faɗa, ta maimaita har ta tabbata sun zauna masa.

Gari ya ɗauka. Maza suna cewa ta cika ƙarfin hali, mata suna cewa ta kashe aurenta da bakinta. A Bengu ma mahaifiyarta ta zaunar da ita, ta ce ta koma ta ba shi haƙuri ko da ita ce da gaskiya. Bibata ta ce wa tsohuwar za ta ba shi haƙuri a kan komai, ban da wannan, domin in ta ce ta tuba, to ta yarda ke nan ta yi shiru ya mutu. A can ne ta yi kukanta ita kaɗai, don tana son mijinta, kuma ba ta san ko zai neme ta ba.

Shi kuwa Sumana sai abin ya zame masa gasa. Da ya ga abokansa sun fara janye kwanoninsu daga gabansa, sai ya koma cin abinci a tasha. Maganin ma ya watsar, wai don a ga lafiyarsa ƙalau. Kullum shi ne kan gaba wajen ɗaga buhu, yana yi yana kallon mutane.

Wata rana bayan la'asar suna zaune ƙofar Baba Siddo ana shan shayi, sai kofi ya suɓuce daga hannunsa. Ya buɗe baki zai yi magana, maganar ta ƙi fita daidai, gefen bakinsa ya saki. Wani ya ce gajiya ce a kwantar da shi ya huta, wani ya ce iska ce ta buge shi, a nemo hayaƙi.

"Ba gajiya ba ce, ba iska ba ce," in ji Baba Siddo. "Abin da yarinyar nan ta faɗa mini ne. Ku tsayar da mota."

Likitan da ya karɓe shi ya ce da an bar shi kwance har dare, da labarin ya sha bamban. Sumana ya rayu, maganarsa ta dawo a hankali, amma hannun hagu ya tafi da ƙarfinsa. Kujerar da ya ɓoye ciwo dominta, kafin a sallame shi an ba wani.

Bibata ba ta jira aike ba. Tana jin labari ta hau mota, ta shigo ɗakin asibitin da ƙullin kayanta a ka. Da ya gan ta sai hawaye suka zubo masa, wannan ƙaton da ba a taɓa ganin kukansa ba. Ya ce ta yafe masa, ya kuma ce ya san ita ma ta yi nadamar fitarta fada, a bar maganar ta wuce.

Ta sauke kayan, ta zauna bakin gadon, ta ɗauki hannun nan da ya mutu ta riƙe cikin nata.

"Na yafe maka, Baban Nuriya. Amma ban yi nadamar fita ba. Nadamata ɗaya ce, da na bari kwanona ya yi ta dawowa ina shiru. Da tun ranar farko na fita, da yanzu hannun nan yana jin nawa."

Darasi: Ciwo ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne yake kai mutum ƙasa. Wanda aka ce yana da hawan jini ya sha maganinsa, ya rage gishiri, ya kuma sanar da waɗanda yake ci da zama tare da su, domin su ne za su ɗauke shi ranar da ya kasa magana. Ke kuma da kike tsaye kan lafiyar gidanki, kada surutun mutane ya sa ki ja da baya. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokan zama, wataƙila akwai wani Sumana a fadarku da yake ta cin kwanon mutane yana shiru.