Yadda Gara Ta Ci Rumbunan Sarki Ana Cewa Lafiya

A wani zamani mai nisa an yi wani sarki mai tanadi, wanda ya gina manyan rumbuna goma sha biyu a bayan gari saboda shekarar yunwa. Da aka yi fari aka buɗe su, sai aka tarar gara ta cinye bakwai, ba abin da ya rage sai ƙasa da ƙaiƙayi. Sarki ya sa aka kamo Nomau, tsohon da ke tsaron rumbunan, ya yanke cewa bayan kwana ashirin za a kore shi daga ƙasar, shi da iyalinsa.

To, akwai wani masani a garin, Malam Hambali, wanda ya ba da rayuwarsa ga nazarin abu guda: yadda aiki ke tafiya tsakanin manya da na ƙasa da su, wa ke ba da umarni, wa ke kai labari, a ina magana ke tsayawa. Fadawa kan yi masa ba'a, suna kiransa malamin zaure. Shi ne ya je ya sami Nomau a inda aka tsare shi.

Nomau ya ce, "Malam, damina uku ina faɗa wa Mai Unguwa. Ban san yadda ake faɗin gara da ya wuce a ce gara ba."

Malam Hambali ya nemi izinin Sarki ya bi sawun wannan magana. Ya yi kwanaki yana zama a zauren Mai Unguwa, da na Galadima, da na Waziri, da fada kanta. Ba ya gardama da kowa. Yakan saurara, ya yi tambaya ɗaya ko biyu, ya rubuta. Da ya haɗa abin da ya samu, sai ya ga inda sawun ya ƙare, kuma ba wuri ba ne da talaka ke nunawa da yatsa. Ya yi tunanin ya yi shiru. Sai ya tuna jikokin Nomau da ya gani suna ɗaure tabarmi don barin ƙasar.

Ranar da wa'adi ya cika, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ga yadda maganar ta hau. Nomau ya ce wa Mai Unguwa, gara ta shiga rumbu, in ba a kwashe hatsi ba za a rasa shi. Mai Unguwa ya ce wa Galadima, rumbuna na son gyara. Galadima ya ce wa Waziri, akwai ɗan aiki a rumbuna, ana dubawa. Waziri ya ce maka, rumbuna na nan, ana kula da su."

Sarki ya ce, "Wane ne maƙaryacin a cikinsu?"

"Babu ko ɗaya, ranka ya daɗe. Kowa ya rage kaɗan ne, don kada ya ɓata wa na gaba da shi rai. Matakai huɗu suka ishi gara ta zama lafiya."

Waziri Gwadabe ya gyara zama ya ce, "Malam, kai ba ka da rawanin da za a tuɓe, shi ya sa bakinka ke da sauƙi."

"Gaskiyarka, Waziri. Abin da na zo faɗa ke nan."

Sarki ya dube shi ya ce, "Ƙarasa."

Malam Hambali ya sunkuyar da kai. "Kwana shida na zauna a wannan fada. Mutum tara suka kawo labari mai daɗi, kowa ya fita da riga ko goro. Biyu suka kawo marar daɗi, kowannensu aka tambaye shi, kana ina har haka ta faru? Bayinka suna da ido, ranka ya daɗe. Abin da suka ga ana saye a fada, shi suke kawowa."

Sarki ya ce, "Ashe ni ne mataki na biyar. Mece ce dabara?"

"A bar kowa a muƙaminsa, domin gari ba ya tafiya sai da su. Amma kowace Juma'a mai tsaron rumbu ya ɗebo hatsi daga ƙasan rumbu, ya rufe a ƙoƙo, ya kawo da hannunsa. Magana ta bi matakanta, ƙoƙo ya zo kai tsaye."

Sarki ya amince. Ya sa aka saki Nomau, aka mayar da shi bakin aikinsa.

Da Juma'a ta zagayo, Nomau ya shigo fada da ƙoƙonsa. Waziri ya buɗe baki bisa al'ada, "Allah ya ja zamaninka, rumbuna dai..." Sarki ya ɗaga masa hannu. Ya karɓi ƙoƙon ya buɗe da kansa. Gero ne mai kyau, amma ga gara biyu suna yawo a kai.

Malam Hambali yana kallon fuskar Sarki.

Sarki ya ce, "A kwashe rumbun nan yau." Sannan ya juya ga Shamaki, mai kula da kayan fada. "A kawo wa Nomau riga."