Mikiya a Kafaɗar Mai Wanki

A wani bariki an yi wani Saje Maikano, wanda igiyoyinsa uku suka fi masa 'ya'yansa daraja. Ya tara masu sana'a ya kafa doka:

"Mu a soja ba a duba fuska. Igiya biyu a damtse Kofur ne, uku Saje, mikiya a kafaɗa Manjo. Na ƙasa shi ke ƙamewa ya sara. Wanda ya kuskure muƙami, ya yi tsallen kwaɗo ya bar barikin nan."

Ran nan Ilu mai wanki da guga ya saɓo kakin Manjo zai kai masa, sai ga Saje daga shi sai singileti.

"Sannu, Malam," in ji Ilu.

"Malam? Allo ka gani a hannuna? Dubi damtsena ka faɗi muƙamina, ko ka kama kunnenka!"

Ilu ya ƙura wa damtsen ido. "Na ga tabon rigakafi ɗaya. Babban muƙami kuwa, har jikata tana da shi."

"Ba ka san fuskata ba?"

"Wani Saje mai ilimi ya hana mu duba fuska." Ilu ya gyara kakin, mikiya ta fito tana ƙyalli. "Kai me ka gani a kafaɗata?"

Saje ya dubi mikiya, ya dubi jama'ar da ta taru. Sai ya buga ƙafa, hannu ya tafi goshi.

"Sauke hannunka, Malam," in ji Ilu. "Gobe in za ka fito, ka tuna ka sako muƙaminka."