Hitar Ruwan da Mai Shago Ya Sayar Babu Takarda

Jama'ar wannan shafi, ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci.

Akwai wani mutum da ake yi wa laƙabi da Mai Shago, alhali ko teburi ba shi da shi a kasuwa. Shagonsa yana cikin wayarsa. Kayan kuwa suna jibge a ɗakin baƙi na gidansa, kwali kan kwali har sun kusa taɓa silin. In baƙo ya zo, sai dai a shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida.

Matarsa malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata, har shi mijin. Da lambar wayarta ya buɗe shafin da yake tallar kaya, kuma ta asusunta na banki masu saye suke biya. Ya ce mata na ɗan lokaci ne kafin ya yi rajista. Aka shekara biyu, ɗan lokacin nan bai ƙare ba.

Malama ba ta gaji da tuna masa ba. Ta ce ya yi wa kasuwancin rajista da sunansa, ya sa adireshi na gaskiya a shafin, ya riƙa ba mutane rasit, wanda kuma kaya bai yi masa ba a bar shi ya dawo da shi. Sai ya yi dariya, ya ce ita komai sai ta mai da shi jarrabawa.

"Malama, takarda tana sayen kaya ne? Ki bar ni in nemi na cefane."

Wata rana wani dillali ya kawo masa hitar ruwa, irin wadda ake tsomawa a bokiti, kwali ashirin, a farashin da ko shi sai da ya sake tambaya. Babu sunan kamfani a jiki, babu tambarin hukumar da ke duba ingancin kaya. Dillalin ya ce ai araha ba ta da suna. Suka tafa.

A makon nan yayansa ya leƙo gidan. Mai gyaran wuta ne, ya fi shekara talatin yana aikin, yatsunsa duk tabon ƙuna. Ya ɗauki hita ɗaya ya kwance ta da sukundireba, ya daɗe yana juya ta a hannu. Wayar ciki siririya ce kamar zaren ɗinki, robar da ta rufe ta kuma da farce ma ana ɓare ta.

"Kada ka sayar da ko ɗaya," in ji shi. "Ka kai wa hukuma su gwada. In sun ba ka takarda, ni ne maƙaryaci. Amma abin nan zai zuba wuta a cikin ruwa."

Mai Shago ya karɓe hitar. Ya ce Yaya shi gyara ya sani, shi kuma ciniki ya sani, kowa ya tsaya a fagensa. Yaya ya sa takalmi ya fita.

Kaya suka yi ta tafiya kamar ana rabo. Sai ƙorafi ya fara shigowa. Wani ya ce ta ƙona masa soket, wata ta ce bokitinta ya narke. Mai Shago ya iya maganinsu: ya goge saƙon, ya toshe mai saƙon, ya ɗora sabon hoto. Ina za su same shi, tunda shafin babu adireshi?

Ran nan da hantsi yana cikin ɗaure kaya, sai shugaban makarantar su Malama ya kira shi. 'Yan sanda sun shigo har cikin aji sun tafi da ita a gaban yara, da alli a hannunta. Wata mai ɗinki, uwar yara biyu, kwanakin baya ta jona hitar da ta saya a shafinsa da safe don ta yi wa 'ya'yanta wanka, ta tsoma hannu ta ji ko ruwan ya yi ɗumi. A nan mijinta ya same ta babu rai, wuta ta ja ta. Da aka bi sawun cinikin, sunan Malama aka gani a banki, lambarta aka gani a shafi.

Mai Shago ya ajiye kayan da yake ɗaurewa. Ya kashe wayar, ya zuba kayan sawa kala biyu a jaka, ya nufi tasha. Ya zauna a kan benci yana kallon motoci suna cika suna tashi. Babu inda sunansa ya fito, ya sani. In ya shiga mota, shi ke nan. Mota uku suka tashi a gabansa, bai shiga ko ɗaya ba.

A nan Yaya ya same shi wajen la'asar. Bai yi faɗa ba. Ya zauna kusa da shi, ya gaya masa daga wajen Malama yake, an yi ta tambayarta tun safe amma ta ƙi ambaton sunan mijinta.

"Ita tana can tana rufa maka asiri," in ji Yaya. "Kai kuma ga ka nan da jaka."

Tare suka taka har ofishin 'yan sanda.

Ranar shari'a, mijin marigayiyar, direban motar haya, ya miƙa wa kotu wayar matarsa. Aka karanta saƙon da ta aika kwana uku kafin rasuwarta: "Don Allah hitar nan tana ɗan ja na in na taɓa bokiti. Ina zan kawo a canza mini?" Mai Shago ya yi ta lalube a ransa, ya kasa tuna saƙon. Ya goge irinsa da yawa.

Aka nemi dillali, ya yi layar zana, kuma babu rasit ɗaya da zai nuna daga wajensa kayan suka fito. Duk nauyin ya faɗo kan Mai Shago, alƙali ya yanke masa ɗaurin shekaru.

An saki Malama bayan kwana huɗu, amma ba ta koma wannan makarantar ba. Iyayen yara sun ce ba su yarda da ita ba. Ta bar unguwar ta koma gidan mahaifinta.

Kotu ta kuma ba da umarni a karɓo duk hitar da aka sayar. A nan gizo ke saƙa. Mai Shago bai taɓa ajiye sunan mai saye ko adireshinsa ba, saƙonnin ma ya goge. Malama da Yaya suka yi wata biyu suna bin sunayen da suka rage a takardar banki, suna roƙon mutane su daina amfani da ita. Abin da suka samo bai kai rabi ba.

Duk ranar ziyara Yaya yana zuwa gidan yari. Kafin gaisuwa ma Mai Shago yake tambayarsa ko an samo wasu. Wani lokaci Yaya ya ce an samu biyu, wani lokaci ya girgiza kai.

Sauran suna can a gidajen da babu wanda ya sani. Kullum da safe, lokacin da iyaye mata suke ɗora wa yara ruwan wanka, sai a ga Mai Shago zaune a bakin shimfiɗarsa, ya zuba tagumi, ya kasa cin komai.

Darasi: Rajista, adireshi na gaskiya, rasit da takardar ingancin kaya ba wahalar da ɗan kasuwa ba ne, kariya ne ga ran mai saye da mutuncin mai sayarwa. Kada ka yi kasuwanci da sunan wani, kada ka sayar da abin da ba a gwada ba, kada kuma ka toshe mai ƙorafi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ku tura wa duk wanda kuka san yana saye ko sayarwa ta waya.