Hannun Da Ajimi Ya Miƙa

Akwai wani dillalin busasshen kifi a Gashua mai suna Sabitu, mutum ne da ba a faɗa masa ya ji. Ya daɗe yana fama da ciwo a gabansa. In zai yi fitsari sai ya dafa bango don azaba, wani lokacin har da jini.

Matarsa Suwaibatu ta yi magana har ta gaji.

"Malam, ka je asibiti mana. Wannan ciwo ya wuce jiƙo."

"Ni in kwance wando a gaban wani ƙato? Allah ya kiyaye. Kada ki sake tayar min da zancen nan."

Ran nan ya kai kifi Nguru. Yana tsaye a tasha sai wani dattijo manomi daga Yusufari, Ajimi, ya yi masa sallama, ya miƙa hannu suka gaisa, ya tambayi inda ake hawa motar Jajimaji.

Suna sakin hannu ciwon ya soki Sabitu, irin sukan da bai taɓa ji ba. Ya durƙushe, ya kama wando, ya kwarma ihu.

"Jama'a, ya sace min gaba!"

Kafin Ajimi ya buɗe baki an rufe shi da duka. Masu sanda, masu bulo, har da wanda bai san me aka yi ba. Ya ɗaga hannun dama yana kare kansa, wani ya sauke masa ƙarfen mota a kan hannun, ya sake, ya kuma sakewa. Jini ya jiƙe yashi. Yana ta rantsuwa da Barbarci da Hausa, babu mai saurare.

Ga inda abin ya fi muni. Sabitu ya laluba ya ji komai na nan, kuma ya san ciwon ba yau ya fara ba. Kalma ɗaya ta isa ta tsayar da dukan. Amma ya ce me a gaban mutane? Sai ya ja bakinsa ya yi gum.

Ana neman taya da fetur 'yan sanda suka iso, suka kwashe su biyun zuwa asibiti.

Wandon da Sabitu ya ƙi kwancewa dai sai da ya kwance. Likita ya duba shi, aka yi hoto, aka gwada fitsari.

"Malam, babu abin da aka sace maka. Tsakuwa ce ta sauko daga mafitsara ta maƙale a hanyar fitsari, ga tsargiya da ka daɗe da ita. Ciwon sanyi ma yakan kawo irin wannan zafi. Duk suna da magani."

Aka cire tsakuwar, ko ƙwayar wake ba ta kai ba.

Da ya samu sauƙi, ya lallaɓa ɗakin da aka kwantar da Ajimi. Matar Ajimi, Meram, tana zaune a gefe, ko kallonsa ba ta yi ba. Sabitu ya miƙa wa Ajimi hannu yana hawaye.

"Baba, ka yafe mini."

Ajimi ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya janye mayafi. Daga gwiwar hannu zuwa ƙasa babu komai sai bandeji, likitoci sun yanke.

"Da wanne zan karɓa, ɗana? Ga damina ta kusa."

Darasi: Ciwon gaba cuta ce kamar kowace, asibiti ake kai ta, ba kan bawan Allah ake ɗora ta ba. Kunyar da ta hana ka ganin likita kada ta ci hannun wani. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila ku ceci mai gaisuwa na gaba.