Kuzan da Bai Nuna Ba

Hajiya Kande 'yar Bukuru ta iso kan iyaka da sandunan kuza zalla. Harajin ɗanyen kuza kaɗan ne, amma babban jami'in kwastan ya kafe cewa nata ba ɗanye ba ne.

Ya ce, "Hajiya, wuta ce ta narka shi. Ki nuna mini yadda abu zai shiga wuta ya fito ɗanye, ko na riƙe kayan."

"Wato dafaffe ne, yallaɓai?"

"Dafaffe mana."

Ta miƙa masa sanda guda. "To bismilla, tauna."

"So kike in rasa haƙora?"

"Ashe bai nuna ba. A gidanku me ake ce wa abin da bai nuna ba?"

Yallaɓai ya shafa muƙamuƙi, ya ce a buɗe mata hanya.